Babi na Shida: Mita 18 na Farko

Daga Damagaram zuwa Tanut tafiyar kilomita kusan 145 ce a kan kwalta, hanyar da ake kira RN11. Tana bi ta Bakin Birji, inda matatar mai ta SORAZ take aiki tun 2011, sannan ta miƙe arewa ta Adarbisanat har Agadas. Muddin taya na kan kwaltar nan, kowace mota tana iya cika baki. Sai an sauka gefe, an yi yamma wajen Gangara da Belbeji a kwarin Tarka, ko an yi arewa wajen Tenhiya inda makiyaya suke, sannan ake rarrabe mota da mota, a kuma rarrabe direba da direba.

Tambayi duk wanda ke kai buhunan gero da tumaki kasuwannin Damargu, wato wannan yanki na Tanut, zai ce maka gudu ba shi ne abin tsoro ba. Motar da ta riga ta ɗauki hanya nauyinta ma taimakonta yake yi. Wahalar tana wurin tashi daga tsaye, da lodi har sama, taya huɗu cikin rairayi mai laushi. Madugan da suka ratsa ƙasar nan da ayari tsakanin Abzin da Kano sun san haka tun kafin a ƙera inji: a wurin miƙewa ake gane ko kaya sun fi ƙarfin raƙumi, in dai ya miƙe, tafiya ta samu.

A Amurka akwai mutanen da suka mayar da wannan tashi daga tsaye ilimi mai zaman kansa, suka kashe masa dukiya da shekaru. Su ne masu tseren miƙe: mota biyu kafaɗa da kafaɗa, hanya ɗoɗar ba kwana, nisan rubu'in mil, wato mita 402. Wasan ya samo asali ne daga samarin Kalifoniya da ke tsere a titunan gari da busassun tafkuna kafin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. A 1950 aka buɗe filin tsere na kuɗi a filin jirgin sama na Santa Ana, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, babban burinsa shi ne a kwashe samarin daga titi a kai su fili mai shinge da alƙalai da motar asibiti. Wannan buri ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk wanda ya ga yadda ake wasa da mota a ɗaukar amarya a Kano ko Damagaram, da yara tsaye a bakin hanya, ya san abin da rashin irin wannan fili yake jawowa.

Idan mai tsere ya gama, ana miƙa masa ƴar takarda mai lambobi. Ƙwararre ba ya fara duba lokacin ƙarshe. Idonsa kan lambar farko yake sauka: daƙiƙa nawa motar ta ci kafin ta cika ƙafa 60, wato ɗan abin da ya haura mita 18. Motar gida mai lafiya takan ci fiye da daƙiƙa 2. Wadda aka shirya da kyau takan sauko wajen ɗaya da rabi. Masu wasan suna da ƙiyasin da suka gada: abin da ka rage a mita 18 na farko, kana iya samun kusan ninkinsa a ƙarshen fili, saboda gudun da aka samu da wuri yana bin motar har ƙarshe. Shi ya sa mutum zai bar inji yadda yake, ya ciro giyabos, ya sauya wani dunƙulen ƙarfe da ke tsakanin inji da giya wanda ko ganinsa ba a yi daga waje. Sunansa konbata.

Kafin a gane aikinta, sai an gane raunin injin fetur da na gas. Inji ba ya da ƙarfi a tsaye. In juyinsa ya yi ƙasa da kima, mutuwa yake yi. Taya kuwa daga tsaye take farawa. Dole ke nan a sami wani abu a tsakani da zai bar inji ya yi ta juyi alhali taya ba ta motsa ba, sannan ya haɗa su sannu a hankali. A mota manuwal, kuloci ne da ƙafar direba ta hagu. A atomatik, mai ne yake wannan aiki.

Dabarar ba don mota aka fara ta ba. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, wanda ke aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Vulcan a Stettin, shi ya yi mata rajista a 1905. Damuwarsa ita ce injin tururi mai saurin juyi da farfelar jirgin ruwa mai son juyi a hankali, yadda za a haɗa su ba tare da haƙoran ƙarfe ba. Sai bayan shekaru 40 da ɗoriya, a 1948, kamfanin Buick ya sa ta a motar fasinja da sunan Dynaflow, Chevrolet ya biyo da Powerglide a 1950.

Cikin konbata fankoki uku ne a rufe cikin kwanson ƙarfe cike da man giya. Ta farko a manne take da kwanson, kwanson kuma a ɗaure da inji, saboda haka duk juyin da inji ya yi tare suke yi. Tana watsa mai waje da ƙarfi. Man ya bugi fukafukan fanka ta biyu da ke fuskantarta, wadda ke haɗe da sandar giya, ya tura ta. Babu ƙarfen da ya taɓa ƙarfe. Da a nan aka tsaya, da an sami mahaɗi mai laushi kawai, wanda ba ya ƙara komai.

Fanka ta uku, ƙarama a tsakiya, ita ce gwanintar. Man da ya gama bugun fanka ta biyu yana komowa ne ta fuskar da za ta yi wa ta farko birki. Sai ƙaramar ta tare shi, ta lanƙwasa hanyarsa, ta mayar da shi yana tura ta farkon maimakon ya yi gaba da ita. Ƙarfin da zai lalace ya sake shiga aiki. Ta haka ne konbata take ninka ƙarfin murɗa na inji a lokacin tashi, galibi wajen sau biyu, wani lokaci har biyu da rabi. Ƙaramar fankar tana zaune ne a kan wani kuloci mai yarda da juyi ta ɓari guda kawai: yayin tashi ya riƙe ta cik, da mota ta ɗauki gudu fankokin biyu suka kusa daidaita, sai ya sake ta ta bi su. Daga nan ninki ya ƙare. Motocin zamani suna da ƙarin wani kuloci a ciki da ke kulle fankokin biyu gaba ɗaya in an hau doguwar hanya, don kada a yi asarar fetur ko gas a banza.

Yanzu ga lambar da masu tsere ke kwana suna tunani. Taka birki da ƙarfi, sa giyar gaba, taka totur har ƙasa. Taya ba ta motsi, fanka ta biyu a tsaye take, inji na ta yunƙuri. Allurar agogon juyi za ta hau, ta hau, ta tsaya a wani wuri ta ƙi wucewa, domin a nan ƙarfin inji da turjiyar mai suka yi kunnen doki. Wannan wuri shi za mu kira juyin turjiya. A motocin gida yakan faɗa tsakanin juyi 1,800 da 2,500 a minti. Konbata mai tsauri ita ce mai kama inji da wuri. Mai sako-sako kuwa takan bar shi ya kai 3,500, ko 4,500, a motocin tsere zalla har fiye da 5,000, kafin ta kama da gaske.

Abu biyu ya kamata makaniki ya riƙe a nan, don su ne suke hana a yaudare shi da lambar da aka rubuta a kwali. Na farko, juyin turjiya ba na konbata ba ne ita kaɗai, nata ne da injin da aka ɗaura mata. Turjiyar mai tana ƙaruwa ne da murabba'in juyi, saboda haka in konbata ta tsaya a 2,000 bayan wani inji, aka ɗaura ta a injin da ya ninka shi ƙarfin murɗa, za ta tsaya wajen 2,800. Na biyu, faɗinta yana da tasiri mai ban mamaki. Ƙarfin da take iya riƙewa yana bin faɗin ne sau biyar a jere, wato faɗi sau faɗi har sau biyar. In aka rage ta daga inci 12 zuwa inci 10, komai kuma bai sauya ba, abin da take riƙewa ya koma kashi 40 cikin 100 kawai, juyin turjiya ya tashi daga 2,000 zuwa sama da 3,100. Shi ya sa konbatar tsere ƙarama ce, inci 8 zuwa 10, ta motar gida kuwa ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Sauran gyaran yana wurin lanƙwasar fukafukai da siffar ƙaramar fanka.

Me ya sa mai tsere yake son sako-sako? Saboda ya riga ya sauya halin injinsa. Ya sa kamshaf mai barin bawul a buɗe na tsawon lokaci, don inji ya shaƙi iska da yawa a babban juyi. Ladan haka ƙarfi ne mai yawa daga 4,000 zuwa sama. Farashinsa kuma inji ya zama rago a ƙasa, ko tsayuwa salun-alun ba ya iyawa sai da kakkarwa. In aka bar masa konbatar kamfani, za ta kama shi a 2,000, inda ba shi da komai, motar ta yi luƙus a bakin layi, abokin karawa ya wuce. Mai sako-sako tana ba shi dama ya tsallake wannan ramin, ya faɗa tsakiyar ƙarfinsa kafin nauyin mota ya hau kansa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a zaɓi juyin turjiya kusa da inda ƙarfin murɗa ya kai ƙololuwa, ko ɗan ƙasa da nan. In aka wuce gona da iri, inji ya yi ta ihu, mai ya yi ta zamewa, gudun ƙarshe ya ragu.

Birkin ƙafa ba ya iya riƙe mota mai irin wannan ƙarfi, sai aka ƙirƙiro birkin giya. Direba ya danna maɓalli, giyabos ya kama giyar farko da ta baya lokaci guda, ya kulle kansa. Ya taka totur, inji ya hau, fitilun da ke gabansa su sauko, ruwan ɗorawa sannan kore, ya saki maɓallin. Giyar baya ta saki, duk abin da aka tara ya sauka kan taya cikin ƙiftawar ido. Tsohuwar Powerglide mai giya biyu kacal har yau ita ce abar so a wannan fage, saboda sauƙinta da ƙarancin ƙarfin da take ci, ga shi sauyin giya sau ɗaya ne tak. Manyan motocin da ke shan man nitro su kam ba konbata suke amfani da ita ba, kuloci ne mai hawa-hawa, kuma tun 2008, bayan hatsarin da ya kashe Scott Kalitta, an rage musu nisa zuwa ƙafa 1,000.

Duk wannan yana da haraji, harajin kuwa zafi ne. Lokacin da fanka ta biyu take tsaye inji na aiki, babu ko ɗigon ƙarfi da ke isa taya. Dukkansa yana komawa zafi cikin mai. A lissafa: injin da ke ba da ƙarfin murɗa 300 a ma'aunin Nm, a juyi 2,500, yana fitar da kilowat 78, sama da ƙarfin doki 100. Wannan duka ake zubawa cikin ƴan litocin mai. Man giya yana son zama wajen digiri 80 zuwa 95. Ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya fara ƙonewa, robobi su ƙandare, faifan kuloci su yi santsi. Mai tsere yana iya jure wannan domin daƙiƙoƙi ne, daga nan ya koma rumfa ya huce.

A nan ne nake ganin hanyar mai tsere da ta direban Damargu suka rabu, kuma ina so matasan makanikai da ke kallon waɗannan motoci a waya su lura da kyau. Filin tsere ba kwalta ba ce irin tamu. Wurin tashi siminti ne da aka shafe da roba, aka fesa masa wani ruwa mai danƙo, har takalmi yakan maƙale. Tayoyin baya faffaɗa ne marasa zane, ana jiƙa su a murza su har su yi hayaƙi don su yi ɗumi su kama. An shirya ƙasa ta karɓi bugu. Rairayi ba ya karɓar bugu. Ka sauke masa ƙarfi farat ɗaya, sai ya goce daga ƙarƙashin taya, taya ta haƙa wa kanta rami, cikin mota ya zauna a ƙasa. Abin da rairayi yake so shi ne ƙarfi mai yawa a juyi kaɗan, a hankali, ba yankewa.

Injin da ya yi suna a hanyoyin nan kuwa halinsa kishiyar na tsere ne. Injin gas na 1HZ da ke cikin Land Cruiser, lita 4.2, silinda 6, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, ƙarfin murɗarsa yana kai ƙololuwa ne wajen juyi 2,200, ƙarfin dokinsa kuma a 3,800. Inda konbatar tsere take fara kamawa, shi a nan numfashinsa yake ƙarewa. Ɗaura masa mai sako-sako daidai yake da jefar da duk inda ƙarfinsa yake. Irin wannan inji konbata mai tsauri yake so.

Za a ce ai Larabawan Tekun Fasha suna tsere a rairayi. Gaskiya ne. A Liwa, cikin ƙasar Abu Dabi, duk hunturu ana taruwa a gindin tudun Tal Morib, ana hawansa da Nissan Patrol da Land Cruiser da aka cusa wa turbo har ƙarfinsu ya ninka na kamfani sau da yawa. Amma a dubi tayoyinsu: masu fukafukai ne kamar cokula, aikinsu su kwashi rairayi su watsa baya, motar ta tafi da ƙarfin watsin. Ba kowa a ciki sai direba, tafiyar ba ta kai minti guda ba, ga motar ja tana jira a ƙasa. Mai buhu 30 da fasinja a kai, da rijiya mafi kusa a nisan yini, lissafinsa daban ne.

Duk da haka ba zai yiwu makanikin Tanut ya ce konbata ba ta shafe shi ba. Motocin hannu da ke shigowa ƙasashenmu ta tashoshin ruwa na bakin teku, musamman waɗanda aka yi amfani da su a Amurka, mafi yawansu atomatik ne. Hilux da Prado masu atomatik ma ana samunsu a ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji, daga can kuma suke gangarowa hannun ƴan kasuwa. Hatta Land Cruiser samfurin 70, wadda aka sani da giyar hannu, a ƙarshen 2023 Toyota ta fito da ita da injin gas mai lita 2.8 da atomatik mai giya 6. Injin yana ba da 500 Nm tun daga juyi 1,600. Yau ko gobe waɗannan za su tsaya a ƙofar gareji a Damargu.

A ganina kuma, atomatik ba abar raini ba ce a rairayi. Tana da fifiko biyu na gaske. Ninkin nan na konbata yana zuwa ne daidai lokacin da ake bukatarsa, da laushi, ba fizga. Sannan tana sauya giya ba tare da ta yanke ƙarfi ba, alhali mai manuwal da ya taka kuloci a tsakiyar tudu, rairayi ya riƙe motar kafin ya saki. Direbobi da yawa sun ƙone kuloci a irin wannan wuri. Rauninta shi ne zafin da muka ambata, kuma a nan ba na daƙiƙoƙi ba ne. Motar da ke jan lodi cikin rairayi a babbar giya, konbatarta na zamewa awa bayan awa, kulocin kullewa bai samu damar kamawa ba, a watan Afrilu ko Mayu da iskar waje kanta ta haura digiri 40. Mai na dahuwa, direba bai sani ba, domin allurar zafi da ke gabansa ta ruwan inji ce.

Maganin ba tsada gare shi ba. A shiga ƙaramar giya ta kat-kat tun kafin a kafe: tana ninka ƙarfi sau biyu ko fiye ta haƙoran ƙarfe, sai fanka ta biyu ta sami saurin juyi, zamewa ta ragu, zafi ya ragu. A rage iskar taya zuwa wajen bar ɗaya da ɗan kai don ta baje, a mayar da ita in an hau kwalta. In mota ta kafe, a ɗaga ƙafa, a fito da shebur da ƙarafan shimfiɗa. Direban da ya ci gaba da taka totur taya ba ta juyawa yana yin abin da mai tsere ke yi a bakin layi ne, amma na minti biyar maimakon daƙiƙa uku. Abu guda da ya dace a aro daga masu tsere kai tsaye shi ne ƙarin ɗan lagireto na man giya a gaban mota, da agogon zafinsa a gaban direba. Masu sa konbata mai sako-sako a can sukan haɗa da shi, mu kuwa ko da ta kamfani muna bukatarsa.

Gwajin turjiya ma kayan aikin makaniki ne, yana cikin littattafan gyara na kamfanoni. A ɗumama mota, a sa waigi a tayoyi huɗu, a ja birkin hannu, a danne na ƙafa, a tabbatar ba kowa gaba ko baya. A sa giyar gaba, a taka totur har ƙasa, a karanta allura, a saki kafin daƙiƙa 5, a bar mai ya huce kafin a gwada ta baya. In lambar ta gaza abin da kamfani ya rubuta a gaba da baya duka, ko dai inji ne ya raunana, ko kulocin ƙaramar fanka ya daina riƙewa. Alamar na biyun ita ce mota mai nauyin tashi amma lafiya lau in ta ɗauki gudu. In lambar ta zarce, to mai ya yi kaɗan, ko matsinsa ya faɗi, ko faifan cikin giya suna zamewa. Kafin duk wannan a zaro sanda a duba man a farin ƙyalle: ja mai haske lafiya ne, baƙi-baƙi mai ƙauri ya gama aiki. Kuma kowane giyabos da irin mansa. Toyota kaɗai tana da T-IV da WS, na CVT kuma daban, haɗa su ɓarna ce ko da launinsu ya yi kama.

Saura abu biyu da duk mai fita daji da atomatik zai sani tun daga gida. Ba ta tashi da turi, domin famfon man giya inji ne ke juya shi. In batir ya mutu a bayan Gangara, ko mutum goma suka tura ba za ta kama ba, sai da wayar jona batir da wata mota. Haka kuma ba a janta nisa da igiya tayoyinta na juyi inji a kashe, don kayan cikin giya za su yi ta juyi ba mai a jikinsu. In ja ya zama dole, a kwance furofela tukuna.